Jinyar Itace da Makokinsa a Karkarar Kano

Matafiyin da ya fita birnin Kano ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa ƙasar Dawakin Tofa ya shiga ta Bagwai, da wuya ya ga abin da za a kira daji. Gona tana jingine da gona, ƙauye yana hangen ƙauye, gama ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 160,000 a wannan ƙaramar hukuma, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 400 da 'yan kai ba. Duk da haka in ya ɗaga kai sai ya ga kamar cikin kurmi ya ke tafiya, saboda yawan itatuwan da ke tsaitsaye cikin gonaki, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya, ga darbejiya a bakin hanya, ga mangwaro wajen fadamun Watari. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851, ya kuwa yaba kyawun irin wannan karkara. Itatuwan nan ba da ka suka tsaya ba. Galibinsu wani ne ya ga tsironsu ranar sassabe ya kauce musu da gatari, ɗansa ya gaje su, jikansa ya ke shan inuwarsu yau.

To, da yawa daga cikin manyansu sun tsufa, waɗansu kuma ciwo ya kama su. A kan ga ɗorawa rabinta ɗanye rabinta busasshe, ko kuka wadda cikinta ya zama kogo, ko tsamiya da ta daina 'ya'ya. Abin da wannan takarda ke nufin bayyanawa shi ne yadda manomi Bahaushe ya ke ɗaukar itacen da ya kamu da ciwo, da abin da ya kan yi masa kafin ya mutu da bayan ya mutu. Za a ga cewa hanyoyi biyu ya ke bi wajen girmama shi, watau ya tsare sunansa, ya kuma tsayar masa da magaji. Ta farko tana nan da ƙarfinta. Ta biyu ce ke neman raunana.

1. Itace da mai shi

Cikin 1965 masana labarin ƙasa biyu, Mortimore da Wilson, suka buga bincikensu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya game da ƙasa da jama'a a karkarar Kano mai cunkoso. Sun nuna cewa kusan kowace gona a kan noma ta kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ita. Mutum zai zaci a irin wannan wuri itace ba zai sha ba. Amma wani littafi da ya fito cikin 1990 game da makamashin birnin Kano, wanda malaman Jami'ar Bayero suka sa hannu a cikinsa, ya nuna cewa itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba a shekarun da aka auna, ko da ya ke an sha fari. Galibin itacen girki daga nesa a ke kawo shi, manomin karkara kuwa reshe ya kan sara ya bar gindi.

Dalilin wannan a fili ya ke. A al'adar karkarar Kano itace mai 'ya'ya dukiya ce mai zaman kanta. Ana iya sayar da gona a keɓe ɗorawar da ke cikinta, ana iya jinginar da amfaninta na shekara, tana kuma shiga lissafi ranar rabon gado. Daga kalwarta mata ke yin daddawa, garinta abinci ne, ɓawon 'ya'yanta kuma shi a ke jiƙawa a sami makuba ta daɓe da shafen gini. Ganyen kuka shi ne miyar talaka rani da damina, ɓawonta igiya ne. Tsamiya ta ba da ruwan kunu, kaɗanya ta ba da man kaɗe. Gawo kuwa halinsa dabam ne, gama da damina ya ke kakkaɓe ganye, saboda haka ba ya tauye gero da inuwa, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da awaki da 'ya'yansa. A yunwar 1913 zuwa 1914 wadda Kanawa suka sa wa suna Kakalaba, da farin 1973, da na 1984, abin da ke bisa itatuwa ya riƙe gidaje da yawa bayan rumbu ya ƙare. Watau ƙaunar da ke tsakanin manomi da itacensa daga tukunya ta faro. Wanda miyar kuka guda ta rene shi tun yana goye, ba zai dubi kukan nan kamar yadda baƙo zai dube ta ba.

2. Shaidar harshe

Hausa ta raba wa itatuwa jinsi kamar yadda ta raba wa mutane. Kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da giginya mata ne, a kan ce “ta tsufa”, “ta yi 'ya'ya”. Rimi da gawo da gamji da marke da durumi maza ne. Gaskiya ne wannan rabo yana bin ƙa'idar nahawu, gama galibin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, ba wai don wani hali na itacen ba. Amma da ya ke harshe ya tilasta wa mai magana ya ce “ita” ko “shi”, sai tunani ya bi baki. Haka kuma sunayen sassan itace da yawa na jikin mutum ne. Yana da kai da jiki da gindi da jijiya, abin da ya ke haifarwa 'ya'ya ne, a cikin giginya da dabino da gwanda har akwai namiji da mace.

Karin magana ya ƙara a kan wannan, ya ba kowane itace hali. Mutumin da alherinsa ke tsallake danginsa ya tafi ga bare, da inuwar giginya a ke kwatanta shi, wadda na nesa ka sha. Wanda tsangwama ba ta karya shi ba, a kan tuna masa cewa sara da sassaƙa ba su hana gamji toho. Da wannan itace aka yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, kirari, har bayan kisansa ran 15 ga Janairu 1966 in an ce Gamji kowa ya san wanda a ke nufi. Kalmar inuwa kanta ta zama sunan kāriya, shi ya sa a kan ce wane yana ƙarƙashin inuwar wane.

Akwai kuma kalmomi biyu da rubutun boko ya haɗa, karin sauti ya raba. Kuka ta itace gaɓarta ta farko sama ta ke, ta biyu ƙasa, kuka na hawaye kuwa gaɓoɓinsa duka biyu sama su ke. Asalinsu ba ɗaya ba ne, amma masu hikima sun daɗe suna wasa da kamanninsu. In an ce ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, ana iya jin ɗan itacen da yara ke jifa don ya faɗo, dutse ya sami uwar, ana kuma iya jin yaro mai yawan kuka. A nan itace ya zama uwa sosai.

Sai dai harshe ya ja iyaka a wuri guda. Ba a cewa itace ya rasu, gama rasuwa ta ɗan Adam ce kaɗai. Itace bushewa ya ke yi, ko ya mutu, ko ya faɗi. Bahaushe ya yarda ya kwatanta kansa da itace, bai yarda ya daidaita darajarsu ba, wannan iyaka kuwa za a sake gamuwa da ita a gaba.

3. Abin da ke kashe itatuwa

Babban ciwon ɗorawa da kaɗanya shi ne kauci. Tsiro ne mai ganye da jan fure wanda ba shi da saiwa a ƙasa. Tsuntsu ya kan ci 'ya'yansa, ƙwallon mai danƙo ya manne masa a baki, ya je ya goge shi a reshen wani itace. A nan ƙwallon ke tsira, ya huda ɓawo, ya dasa kansa cikin hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Wurin ya kumbura ya yi ƙululu, abin da ke gaba da ƙululun ya rame ya bushe. Kauci ɗaya ko biyu ba su kashe babban itace, amma in sun yi yawa, fari kuma ya zo, sai 'ya'ya su ragu, kai ya riƙa mutuwa reshe reshe. Abin mamaki, wannan mai kisa masu magani suna nemansa ƙwarai, suna kuwa kiran kowanne da sunan itacen da ya hau, kaucin ɗorawa dabam, kaucin tsamiya dabam.

Na biyu shi ne ruɓar ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka al'amarin ya ke ga itace. Saran da aka yi wa reshe ba daidai ba, da ƙunar wutar sassabe a gindi, da sassaƙen magani, duk ƙofofi ne. Ta nan ƙwayoyin ruɓa irin dangin naman kaza ke shiga, gara da ƙwari masu huda su biyo baya. Sassaƙe ya fi muni in ya kewaye jiki duka, domin abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo ya ke sauka zuwa saiwa, in an yanke wannan hanya saiwa ta mutu da yunwa. Maɗaci da marke sun sha wannan wahala saboda amfanin ɓawonsu. Kuka ce ta fi sauran jurewa, gama tana iya mayar da ɓawonta bayan an ɗaye.

Na uku shi ne ƙishirwa, wadda ba ciwo ba ce a kan kanta amma tana buɗe wa ciwo hanya. Misalinta mafi kusa shi ne abin da ya sami darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi. Baƙuwa ce daga ƙasar Hindu, an fara dasa ta a Barno cikin 1928, daga baya ta cika kasuwanni da makarantu da hanyoyin Arewa. Cikin shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye ya auka mata a ƙasashen Tafkin Chadi. Wajen 1990 kuma aka ga wata irin ramewa a Jamhuriyar Nijar da arewacin Nijeriya, ganye ya yi rawaya ya zube, ya bar ɗan tuntu a ƙarshen dogon reshe tsirara. Masu bincike ba su sami ƙwayar cuta guda da za su ɗora wa alhakin ba, galibinsu suka karkata ga ƙarancin ruwa da taurin ƙasa bayan shekarun fari. Irin wannan zato aka yi cikin 2018, sa'ad da Adrian Patrut da abokan aikinsa suka ba da labarin cewa tara daga cikin kukoki goma sha uku mafiya tsufa a Afirka sun mutu, ko manyan sassansu sun faɗi, cikin shekara goma sha biyu. Dukansu a kudancin nahiyar su ke, ɗaya a Zimbabuwe ta kusa shekara 2,500.

4. Jinya

Maganin kauci sananne ne ga kowane tsohon manomi. A hau, a sare reshen ƙasa da ƙululun, domin in an tsinke kaucin kaɗai aka bar dashensa cikin itace zai sake toho. Aiki ne mai haɗari, ba shi kuma ƙarewa a gona guda, gama in maƙwabci bai sare nasa ba tsuntsu zai dawo da iri. Saboda haka lafiyar ɗorawar mutum tana rataye da himmar maƙwabtansa. Waɗansu kan shafe bakin sara da laka ko kashin shanu, su kan kuma janye karan sassabe daga gindi kafin su sa wuta. Itacen da ya rage amfani ba a gaggawar kā da shi. Muddin reshe ɗaya yana 'ya'ya a kan bar shi, a rataya masa amya, a huta ƙarƙashinsa ranar noma.

Ba kowa ke da wannan haƙuri ba, ba kuma kowa ke da halin yinsa ba. Itace marar lafiya kuɗi ne a tsaye. Mai injin yankan katako da mai gawayi suna saye tun bai faɗi ba, magada biyar da suka haɗu a kan ɗorawa guda kuwa sun fi samun sauƙin raba kuɗi bisa ga raba kalwa kowace shekara. Mai iyali da ciwo ya shiga gidansa, ko biki ya matso, ba wanda zai zarge shi in ya sayar. Amma a nan ne a kan ji gardama tsakanin tsoho da ɗansa, ko tsakanin maigida da matan gida waɗanda sana'arsu ta daddawa ke jingine da itacen. Ɗan ya dubi abin da itacen zai kawo yau. Tsohon yana tuna wanda ya bar shi.

In itace ya mutu ajalinsa, gawarsa ba ta tozarta. Ƙirya ta zama turmi da taɓarya da gawayin maƙera, giginya ta zama azara, aduwa ta zama allon almajiri, su shekara da shekaru cikin gida ana cewa wannan daga itacen gonar wane ne. Kuka kaɗai ba ta barin gado irin wannan. Jikinta laushi gare shi, cike da ruwa, in ta faɗi ba a daɗe sai ta ruguje ta zama tulin zare. Wadda ta fi kowa girma ita ce ba ta barin kome sai suna.

5. Iyakar girmamawa

Malamin da zai koyar da wannan darasi lalle ya san cewa a ƙasar Kano maganar girmama itace tana da tsohon tarihi mai nauyi. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci cikin 1908, ya ambaci Barbushe da mutanen Dala da abin bautarsu Tsumburbura, wadda mazauninta wani itace ne da aka kewaye da gini. Sarki Tsamiya, wanda a ke lissafa sarautarsa daga 1307 zuwa 1343, ya rushe ginin. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo aka gina masallaci ƙarƙashin itacen, a zamanin Muhammadu Rumfa kuwa, 1463 zuwa 1499, aka sare shi aka tā da hasumiya a gurbinsa. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan karkarar Kano ya buga littafinsa cikin 1946, ya tarar suna ɗaukar kuka da tsamiya gidajen iskoki. Har yau a ƙauyuka da yawa ana hana yara zama gindin tsamiya da tsakar rana, tsoron nan kuwa ya tsirar da itatuwa da dama daga gatari.

Saboda wannan tarihi, Musulmin ƙasar nan ba ya yanka wa itace, ba ya roƙonsa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itacen da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinsa, da ya ji mutane sun fara zuwa wurin neman albarka. Amma addinin da ya hana bauta bai hana tausayi ba. Hadisi ya tabbata cikin Buhari game da kututturen dabinon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ke jingina da shi yana huɗuba. Da aka yi masa mumbari ya koma kai, sai aka ji kututturen yana kuka, har ya sauko ya rungume shi ya yi shiru. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi. Da ganyen magarya a ke wanke mamaci. Watau tsakanin bauta da rashin kula akwai fili mai faɗi, a cikinsa manomin Bagwai ya ke tsaye. Baƙin cikinsa ranar da kukar gidansu ta faɗi ba shi da abin kunya ko kaɗan, a al'ada ko a addini.

6. Suna ya fi mai shi daɗewa

Kowace al'umma da yadda ta ke makokin itacenta. A Ingila akwai wani itace da su ke kira ash, wanda wata cuta mai asali daga gabashin Asiya ta kama. An fara ganinta a Polan cikin farkon shekarun 1990, aka tabbatar da isowarta Ingila cikin 2012, masana kuwa suna tsammanin za ta kashe mafi yawan irinsa a ƙasar. Mutanen can suka shiga ɗaukar hotunan tsofaffin itatuwansu, suna rubuta labarin kowanne, a lardin Kent har aka kafa gangar jikin matattu biyu cikin 2018 don tunawa. A Nijar kuma akwai itacen Tenere, wata ƙaya guda tilo cikin Sahara wadda ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma ke shaida hanya da ita. Mota ta kā da ita cikin 1973, aka ɗauko gawarta zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Bahaushe bai saba da kafa abin tunawa irin wannan ba. Nasa abin tunawa a baki ya ke. Ɗaya daga cikin mazaɓun Bagwai sunanta Rimin Dako. Kudu da nan akwai Rimin Gado. Cikin Kano akwai Kukar Bulukiya da Tsamiyar Boka da Durumin Iya da Kurnar Asabe da Rimin Kebe, da Ɗorayi wadda sunanta jam'in ɗorawa ne. A Zariya akwai Rimin Tsiwa da Rimin Doko, a Sakkwato akwai Gawon Nama. Ginin sunayen iri ɗaya ne, sunan itace, sa'an nan harafin mallaka, r ga mace, n ga namiji, sa'an nan sunan mutum ko sana'a ko wani al'amari. Itacen ya tsare sunan mutumin, wurin ya tsare sunan itacen. Mai shiga motar haya ya ce a sauke shi Tsamiyar Boka bai damu ya ga tsamiya ba, amma ya ambace ta. Turawan Ingila ma suna da irin wannan, gama sunan garin Ashford ma'anarsa mashigin ruwa wurin itatuwan ash, ɗaya daga cikin haruffan tsohon rubutunsu kuma sunan itacen aka sa masa.

Sunayen da suka shiga taswira ba su da haɗari. Waɗanda ke cikin haɗari su ne ƙanana, na gonaki da mararraba da bakin rijiya, waɗanda mutanen ƙauye guda kaɗai suka sani. Da su a ke shaida iyakar gona gaban dagaci, da su a ke tuna inda aka yi kasuwa dā, ko inda wani malami ya sauka. In itacen ya faɗi, tsofaffin da suka san dalilin sunan suka bi shi, sai a rasa shafi guda na tarihin ƙauyen. Dalziel ya tara sunayen tsirrai na Hausa cikin 1916, Bargery ya zuba ɗaruruwansu cikin ƙamusunsa na 1934, amma sunan iri suka tara. Sunan wannan kuka da waccan tsamiya, ɗaya ɗaya, aiki ne da ke jiran mai yi.

7. Magaji

Suna kaɗai ba ya miya. Abin da ya riƙe karkarar Kano da itatuwa ɗaruruwan shekaru shi ne hanya ta biyu, watau kafin tsohuwar ɗorawa ta faɗi akwai ƙarama tana tasowa a gefen gona, an kewaye ta da ƙaya saboda awaki. A nan ne rauni ya ke. Mai duba gonaki a yau zai ga manyan ɗorayi da kaɗanyu, da wuya ya ga matasansu. Kalwa ta yi daraja, ana kwashe ta kaf ba a bar wa ƙasa iri. Garmar shanu da ta tarakta ba su kauce wa tsiro kamar yadda mai fartanya ke yi. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, mai ɗan fegi yana ƙyashin inuwa. Kaɗanya kuma ta kan kai shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, mangwaro mai aure kuwa cikin 'yan shekaru ya ke biya.

Ba abin fid da rai ba ne, gama 'yan'uwa na ƙetaren iyaka sun nuna hanya. A Damagaram an ruwaito cewa Sarki Tanimu, cikin ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare gawo. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin suka lura cewa kututturan da a ke zaton sun mutu saiwarsu tana da rai. In an zaɓi toho ɗaya ko biyu aka tsare, aka sare sauran, cikin 'yan shekaru sai ya zama itace. Suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a gonaki masu faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Turawan Ingila ma a ƙarshe ga magaji suka koma, suna neman 'yan itatuwan ash da suka jure cutar don su yaɗa irinsu.

A nan malaman kwalejojin horon malamai suna da abin yi wanda ba ya bukatar kuɗi. Ɗalibi ɗan Bagwai ko Shanono ko Tsanyawa in ya tafi hutu, yana iya komowa da jerin itatuwan ƙauyensu masu suna, da irin kowanne, da mai shi, da dalilin sunan kamar yadda tsofaffi suka faɗa, da karin sautinsa, da halin da itacen ke ciki, ko lafiyayye ne, ko mai kauci, ko ya riga ya faɗi. A ƙarshen kowane layi sai ya amsa tambaya guda, watau ko akwai ƙaramin irinsa kusa da shi. Wannan darasin nahawu ne da tarihi da ilmin tsirrai gaba ɗaya. Inda amsar ta zama babu, ɗalibin ya san abin da zai yi da ƙwallon kalwa da 'yar ƙaya kafin damina ta wuce.